Tambaya: yaya ake haɗa rufa-idon karanta zuciya mai ban tsoro a falo?

Ɗan Koyo

Assalamu alaikum, iyayen gidana a wannan sana'a. Shawara nake nema a kan wasan karanta zuciya irin na ban tsoro, wanda ake yi da dare a falo ga mutum 15 zuwa 20, da kyandir da 'yan takardu, ba da kayan waje masu tsada ba. Ba na son ya wuce minti 25. Abu uku nake son haɗawa: gano takardar da ke ɗauke da sunan mamaci a cikin na masu rai, fitar da suna a damtse da toka, sai tsayar da bugun jijiya.

Ga inda gizo ke saƙar. Idan an ninke takardun, ta yaya ake gane wadda ake nema, kuma yaya ake karanta sunan ba a kama mutum yana leƙe ba? Na biyu, rubutun sabulu ba ya fitowa sosai a irin fatarmu. Na uku, mutane kan fashe da dariya daidai wurin da ake son su yi tsit. Wanne ya kamata ya buɗe wasan, wanne ya rufe? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Hannu

Wa alaikumus salam, samari. Wasan rai da mutuwa, wato gano takardar mamaci a cikin na masu rai, tsoho ne. Masu rufa-ido sun gaje shi daga 'yan damfarar kiran matattu da suka cika Amurka da Ingila bayan 1848, shekarar da 'yan matan gidan Fox a ƙauyen Hydesville na jihar New York suka fara cewa wani ruhi yana amsa musu da ƙwanƙwasa. Waɗancan kuɗin masu makoki suke ci da shi. Dabarar kanta kuwa ba ta wuce takarda da babban yatsa ba.

Ka kai farar takarda shagon fotokwafi a yanka maka da injin yanka, faɗi santimita 8, tsawo 24. Biyu kake bukata a kowane wasa. Dole gefe huɗun su fito sumul. Takardar da aka yago daga littafin rubutu ba ta yi, don ta riga ta zo da gefe mai kaushi. Tun a gida ka zana da'ira uku a jere a jikin kowace, faɗin santimita 3, kowace da'ira a tsakiyar kashinta. A gaban jama'a ka yaga kowace takarda gida uku da hannu. Kada ka ninke ta ka goge da farce kafin yagawa, bakin zai fito tsaf har ka kasa bambance shi da na inji. Yanzu kana da gutsure 6: huɗu na baki, kowanne gefe ɗaya ne ya yagu, biyu na tsakiya, yagaggu sama da ƙasa. Ɗaya daga na tsakiyar ka nuna da shi yadda ake ninkewa, gida biyu a sake gida biyu, ka jefa shi aljihu. Ɗayan ka miƙa wa wanda zai rubuta sunan da ake nema, huɗun kuma ga masu rubuta sunan rayayyu. Da haka ka samu ɗaya cikin biyar maimakon ɗaya cikin uku, wanda kowa zai ce dace ne.

Bayan ninki, duk takardar tana da baki biyu a buɗe, kowanne falle huɗu. A ta tsakiya, baki ɗaya duk fallensa huɗu masu kaushi ne. A sauran, biyu kaushi biyu sumul. Da taɓawa cikin jaka wannan yana da wuyar ganewa, saboda haka kada ka dogara da yatsa. A cakuɗa su a hula, a juye a faranti kusa da kyandir, ka baza su da bakin fensir kamar kana tsara su. A nan ido ke gama aikinsa cikin daƙiƙa biyu. Daga nan sai ka ɗaga kai, ka bi su ɗaya bayan ɗaya da tafin hannu a sama ba ka taɓa ba, kana kallon fuskar mutane.

Karanta sunan kuma da yagar tsakiya ake yi. Takardar a ninke santimita 4 ce kowane gefe. Kusurwar da ninki biyun suka haɗu, wadda ba ta da buɗaɗɗen baki, nan da'irar take. Riƙe ta yadda kusurwar za ta kasance sama ta dama. Yaga gida biyu daga sama zuwa ƙasa, ɗora ɓarin dama a kan na hagu ta ɓangarenka. Juya su kwance, sake yagawa, sake ɗora mai kusurwar a sama. Yanzu yana ƙarƙashin babban yatsan damanka, girmansa santimita 2, wanda in an buɗe zai zama 4, ya ɗauke da'irar gaba ɗaya. Lokacin da hagu ke zuba sauran a tasar ƙarfe, babban yatsa ya ja wannan baya zuwa gindin yatsu. Dama ta shiga aljihu ɗauko ashana, ta buɗe ninki ɗaya, ta bar shi can. A ƙona na tasar har su zama toka, kada a bar ko gutsure, don akwai mai son sani da zai zo ya tona bayan an tashi.

Abin da ke tona asirin masu koyo shi ne gaggawa. Kada ka karanta kafin minti biyu su wuce. Yi maganarka, bar wutar ta mutu, sannan ka ɗauko ƙaramin littafi mai bangon kwali daga aljihun nan tare da gutsuren a manne a fuskarsa ta ciki. Ka fara zane-zane kamar kana kamo abin da ke zuwa maka, babban yatsa ya ƙarasa buɗewa, ka kalla sau ɗaya tak. Wanda ya kalla sau biyu an gan shi.

Sai abubuwa uku da ke ɓata wannan a wasan dare musamman. Hasken kyandir ba ya isa a karanta rubutun fensir ko shuɗin biro, don haka ka ba su baƙar maka mai siririn baki, ka ce a yi manyan baƙaƙe, kuma ka gwada tun da rana cewa tawadar ba ta ratsa takardar ta fito ta baya. Na biyu, wasu kan zarce da'ira. Ka ce musu abin da ya fita daga da'irar ba ya cikin kariya, za ka ga sun matse rubutu da kansu, kuma maganar ta ƙara wa wasan nauyi. Na uku, kallon hannu lokacin yagawa. Ido yana bin ido. Ka yi ta yagar takardun banza kana hira da mutanen gida har sai hannun ya daina neman taimakon ido.

Wajen faɗar sunan, kada ka furta shi dunƙule kamar mai karanta allo. Fara da yawan baƙaƙe, ka kawo na farko, ka yi kuskure a na uku ka gyara da kanka. Wanda ya faɗa daidai nan take, mutane sun san gani ya yi.

Malamin Kimiyya

Baba Tsohon Hannu ya gama da takarda, bari in ɗauki toka. Ɗan'uwa, laifin ba na sabulu ba ne. Waɗanda suka rubuta wannan dabara a Turai farar fata suke da ita, tokar takarda kuwa baƙa ce, shi ya sa take fito musu raɗau. A baƙar fata sai a juya lissafin, a nemi toka mai haske. Tokar itace da aka tankaɗe da rariya mai laushi tana yi, tokar turaren tsinke ta fi ta, kuma turaren na ba ka dalilin samun toka a tebur ba tare da wani ya tambaya ba. Ka zuba cokalin shayi ɗaya na farar tokar a gindin tasa tun kafin a zo, ka ƙona takarda a kanta, ka cakuɗa da yatsa. Abin da ka ɗebo zai fito fari-fari a fata.

Rubutun a cikin damtse ake yi, tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu, inda ba gashi. A wanke wurin a tsane shi sarai. Ko ɗigon man shafawa ya rage, musamman lokacin hunturu da kowa ke laftar basilin, tokar za ta kama ko'ina ta zama dabbare. Ka fere gutsuren farin sabulun wanka kamar alli, ka jiƙa bakinsa kaɗan, ka rubuta baƙaƙe masu tsawon santimita 3 zuwa 4, kada su wuce biyar. Bar shi ya sha iska minti 5. In ka ga farin layi bayan ya bushe, sabulun ya yi yawa, ka dangwala shi da busasshen yatsa. Riga mai faɗin hannu za ka sa, matsattsiya tana goge shi. Gumi ma yana narkar da shi, saboda haka a ɗaki mai zafi kada tsakanin rubutu da wasa ya wuce rabin awa. Wajen shafa tokar, wadda ke manne wa sabulun ta fito da rubutun, sau biyu ko uku a hankali daga sama zuwa ƙasa, sannan ka hure. Mai dirzawa da ƙarfi kankare rubutun yake yi.

Ka lura, abin da ke damtsenka tun a gida ka rubuta shi, don haka ba zai zama kalmar da aka sa a da'ira ba. Dole ka kai mutum ga sunan yana jin shi ya zaɓa. Ajiye kati uku, kowanne da sunan mutum ɗaya daga labarinka. Ka ce, "Ɗauki biyu." In ya bar naka a tebur, ka ce wanda aka bari shi kaɗai shi ne namu, a kawar da biyun. In naka na cikin biyun, ka ce, "Miƙo mini ɗaya." Ya miƙo naka, ka ɗaga shi ka ce shi za a ƙona. Ya riƙe naka, ka ajiye wanda ya ba ka tare da na tebur, ka ce wanda ya ƙi rabuwa da hannunka shi ne. Kalmar "zaɓi" ko "cire" kada ta fito bakinka kafin ya motsa, ita ce ke ɗaure ka. Kuma ba a yin wannan sau biyu a zama ɗaya.

In kana son rubutu mai kama da jini a takarda, kayan na kicin. Jiƙa jar kanwa ko ungurnu, cokalin shayi ɗaya a rubu'in kofi na ruwa, ka tace, ko ka yi amfani da hodar soda ta girki (baking soda) daidai wannan awo. Rubuta da audugar goge kunne a takarda mai kauri, in ta bushe ka danne ta cikin babban littafi don kwantar da tattarewar da jiƙa ke bari. Sannan ka zuba rabin cokalin shayi na garin gangamau a mililita 100 na farin sifirit na kemis, ka girgiza, ka tace. A ruwa gangamau ba ya narkewa sosai, shi ya sa ake sa sifirit. Da an shafa wannan da auduga, takardar ta zama rawaya, rubutun ya taso ja mai duhu, domin launin gangamau yana komawa ja in ya gamu da abu mai kanwa-kanwa. Kuskure biyu ne a nan. Masu rina takarda da ruwan shayi don ta yi kama da tsohuwa, kanwa tana ƙara wa shayi duhu, sai rubutun ya bayyana tun kafin wasa. Na biyu ya fi muni: sifirit yana kama wuta, harshenta kuma ba ya ganuwa sosai. A kashe kyandir ɗin tebur, a rufe kwalba, a yi wannan da hasken tocila.

Uwar Tatsuniya

Malamai, dabarun sun yi kyau, amma ban yarda da sunan mamaci ba, kuma ƙanena ina roƙonka ka cire shi. Mutum 20 a falo, da wuya a rasa wadda ta binne ɗa ko wanda ya rasa mahaifiya a bana. Ka faɗi sunan da ta rubuta cikin duhu da hayaƙin turare, ba wasa ta gani ba, kuma duk bayanin da za ka yi daga baya ba zai shiga kunnenta ba. Margaret Fox, ɗaya daga 'yan matan gidan Fox ɗin nan, da kanta ta hau dandali a New York a 1888 ta nuna cewa da gaɓar yatsan ƙafarta take yin ƙarar ƙwanƙwasar nan, amma mabiya suka ci gaba da gaskatawa. Houdini, shahararren mai rufa-ido, ya ƙare shekarunsa na ƙarshe yana tona irin waɗannan mutane, har gaban majalisar dokokin Amurka ya je a 1926. Bai kamata mu ɗauko kayan aikinsu mu haɗa da zaluncinsu ba.

A wurinmu abin ya fi haka nauyi. Wanda ya ce yana magana da matattu ko yana aiki da aljanu ya taɓa addinin mutane, kuma ya ja wa kansa sunan boka ko maye, sunan da ba ya wankuwa, wanda a wasu wurare ya jawo an far wa mutane. Doka ma tana nan: sashe na 210 na kundin laifukan da ake aiki da shi a kudancin Nijeriya ya tanadi ɗaurin shekara 2 ga wanda ya nuna kansa a matsayin mai ikon maita, na Arewa ma yana da irin wannan tanadi. Ka faɗa da bakinka a farko, ka maimaita a ƙarshe, cewa rufa-ido ne da dabarar hannu, babu aljani babu tsafi. Wannan ba ya rage tsoron ko kaɗan. Mai kallon fim ɗin ban tsoro ya san shiri ne, tsikar jikinsa kuma tana tashi.

Dabarar Baba ba ta bukatar mamaci. Mutum huɗu su rubuta abin da ke faranta musu rai, na biyar ya rubuta abin da ya fi jin tsoro a duniya, kalma ɗaya. Maciji, rijiya, duhu, kabari. Ka gano takardar tsoro a cikin na farin ciki, ka ƙona ta, ka faɗe ta. Ya fi ratsa mutum, don nasa ne, kuma ba ka taɓa makokin kowa ba.

Batun dariya kuwa, yawancinta ba raini ba ne, tsoro ne ke neman hanyar fita. Kada ka yi faɗa da ita, kada ka taya. Yi shiru, kalli wutar kyandir, ƙirga biyar a zuci, ka ci gaba da murya ƙasa da ta da. Dariyar raini kuma mai wasa ne ke jawo ta da baƙar alkyabba da kwalli da sauya murya. Sa kayanka na kullum, zauna, yi magana kamar mai ba da labarin da ba ya son bayarwa. Labarin ya zama ƙirƙirarre, gida ɗaya, mutum uku, abu ɗaya da ya faru, ba sunan unguwa ko gidan da aka sani. Ka iya buɗewa da "ga ta nan, ga ta nanku", kowa ya san tatsuniya ce, kuma kowa ya tuna yadda take hana yaro fita fitsari da dare. Yara ƙanana, mai juna biyu, da duk wanda aka san yana faɗuwa in ya firgita, a sallame su kafin a rage haske.

Mai Kyandir

Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma ga abin da zai buɗe wasan ba tare da an ambaci kowa ba: lilo. Zare mai tsawon santimita 20 zuwa 25, a ɗaura zobe ko ƙaramin makulli. Ka yi guda 6 ka raba. Kowa ya riƙe bakin zaren da yatsa biyu, gwiwar hannu a sama, ba a kan tebur ko cinya ba. Ka ce kada kowa ya motsa hannu, su dai kalli zoben su raya a zuci yana kaiwa da komowa. Cikin rabin minti wasu za su fara, sai ka ce yanzu ya koma zagaye, ya koma. Babu wata dabara a ɓoye. Tsokar hannu ce ke yin ƙananan motsi da mai ita bai sani ba, zaren yana tara su. Chevreul, masanin kimiyya na Faransa, ya bayyana haka a 1833, Faraday, masanin kimiyya na Ingila, kuma a 1853 ya sa fallayen kwali da ɗan tsinken nuni tsakanin hannayen masu cewa ruhi ne ke juya musu tebur da teburin, ya nuna hannun ne ke fara turawa. Yana ƙin yi in zaren ya yi gajere, in abin ya cika nauyi, ko in an ce wa mutum "bari mu ga ko kai zai yi maka", don sai ya ƙanƙame. A kashe fanka, in ba haka ba ita za a ɗora wa. Babban amfaninsa shi ne yana nuna maka wanda lilonsa ya fi kaɗawa, shi za ka kira a sauran wasan.

Da wannan mutumin ake yin kisan wasa. Ka fita, wani ya ɗauki cokalin katako a matsayin wuƙa ya taɓa wani, ya ɓoye cokalin. Ka dawo, mutuminka ya riƙe wuyan hannunka, ko bakin hankici in mace ce, a ja shi ya miƙe. Ka ce kada ya ja ka, ya dai riƙa faɗa a zuci, hagu, dama, gaba, tsaya. Ka fara tafiya da ɗan sauri. Inda ba daidai ba za ka ji nauyi kaɗan, inda yake daidai hannun ya saki. Raba ɗakin biyu, sannan rabin biyu, har ka iso inda aka ɓoye cokalin. Washington Irving Bishop, wani Ba'amurke mai wasan karanta zuciya, ya yi suna da irin wannan. A 1889 ya yanke jiki ya faɗi yana cikin wasa a wani kulob a New York, likitoci suka buɗe gawarsa cikin 'yan sa'o'i, mahaifiyarsa ta rayu tana cewa doguwar sumar da ya saba yi ce, da ransa aka yanka shi. Wannan wasa yana cin watanni ana gwaji kafin a fito da shi, ba a fafe gora ranar tafiya.

Bugun jijiya. Ƙwallon roba mai tauri, faɗin santimita 4 zuwa 5, a saka a safa a maƙale da fil cikin riga, ya zauna can cikin hammata ta ɓangaren damtse. In ka matse hannu a jiki, yana danne babbar jijiyar da ke kai jini hannu, bugun wuyan hannu ya raunana ya ɓace. Mai taimaka maka ya sa yatsa biyu, manuni da na tsakiya, ba babban yatsa ba, don shi yana da nasa bugun. Ka ba shi fensir ya riƙa buga kofin gilashi da kowane bugu, kuma kada ka fara sai ɗaki ya ji bugu goma a jere, shaidar ya samu wurin. Matsa a hankali cikin daƙiƙa 10, riƙe 5 zuwa 8, saki a hankali. Shirun kofin nan shi ne wasan gaba ɗaya. In ka matsa farat ɗaya za a ga kafaɗa ta motsa. Ɗora hannun a kan tebur tun farko yadda damtse ya riga ya kusanci jiki. In akwai ma'aikacin jinya a wurin zai nemi ɗaya hannun ko wuya, don haka ka miƙe ka ci gaba da magana da zarar bugun ya dawo. Ba a yin wannan a wuya ko kusa da shi har abada, ba a maimaita shi, kuma mai ciwon zuciya, hawan jini ko sikila ya bar shi.

In za ka kashe haske gaba ɗaya, ka sani ido yana sabawa da duhu. Bayan 'yan mintuna an fara ganin inuwa, zuwa minti 20 ko 30 ya gama buɗewa. Duhunka kada ya wuce minti 2, kuma ya biyo bayan kallon wuta kai tsaye. A tara wayoyi a kwando, a rufe ƙananan fitilun caja da na soket da baƙin salatif.

Wasan ƙusa a ƙarƙashin kofuna ko jakunkunan takarda, wanda ake murƙushewa da tafin hannu, kada ka kusance shi. Alamar da ke nuna inda ƙusar take kan ɓace in haske ya sauya ko wani ya juya abin. A 2016 an soke hannun wata mai gabatar da shiri da shi kai tsaye a talabijin ɗin Poland, kuma ba ita kaɗai ba ce.

Ɗan Koyo

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Hajiya, na cire sunan mamaci, kalmar tsoro zan sa. Baba, saura jerin, sannan in na buɗe gutsuren na tarar rubutun ba ya karantuwa, ko mutumin ya bar da'irar fayau don ya gwada ni, me ake yi?

Tsohon Hannu

Madalla, samari, gyaran Hajiya ya fi nawa. Jerin ga shi. Minti 2 na farko bayani cewa rufa-ido ne, da buɗe labari. Lilo minti 4, kowa ya shiga, ba ka da abin ɓoyewa, nan suke sakin jiki da hannunka. Kati uku da toka a damtse minti 5, da wuri saboda gumi, kuma sunan na cikin labarin ne. Takardun tsoro minti 8, nan ne zuciyar wasan, kada ka yi masa rowar lokaci. Bugun jijiya ya rufe, minti 3, kana cewa tsoron da aka ƙona yana neman wurin zama. Kunna fitila, a kawo shayi, ka zauna cikinsu ka maimaita cewa dabara ce. Kisan wasa da gangamau ka ajiye su sai wani zama. Ka lura toka ta zo kafin yagar tsakiya da gangan: sun riga sun ga an ƙona kati a tasar ba tare da wani abu ya ɓace ba, ƙonawa ta biyu ba za ta ɗaga musu hankali ba.

In rubutun bai karantu duka ba, kusan kullum baƙin farko da tsawon kalmar suna fitowa. Abin da mutane ke tsoro ba shi da yawa. M mai baƙaƙe shida, ko maciji ko mutuwa. Ka ce, "Abu ne mai rai, ko ba haka ba?" da muryar da ba tambaya ba ce sosai. Amsarsa ta raba maka, ka ɗora kamar dama can ka nufa. In da'irar fayau take, ka samu kyauta. Rufe littafin, dube shi, ka ce babu abin da ke zuwa daga takardar nan, ko dai ba ka rubuta komai ba, ko kana tsoron rubuta shi. Zai amsa da kansa a gaban kowa. Gutsuren kuma ya koma aljihu tare da littafin, kada ya kwana a rigar, ka ƙona shi bayan baƙi sun tafi.